Baƙin Zaren da Ta Ƙi Cirewa

Kafin mai shara ya gama da baranda, ta riga ta iso. Takan ajiye jakarta a kan kujera ta buɗe tagogi duka, ko da ana sanyi, domin ita da rufaffen ɗaki sun yi hannun riga tun tana budurwa. Sannan ta ciro 'yar na'urar ji daga gidanta, ta saƙala a kunnen dama, ta murɗa har sai ta yi tsuwa. Kunnen hagu ba ta wahalar da shi, ta ce wannan ya riga ta yin ritaya da shekaru. Daga nan sai ta kunna kwamfuta ta shiga karatu: wane ne ya fitar da sabon bincike a kan tarin fuka, a ina, a kan su wa aka gwada, me ya biyo baya. In ta gama da wannan sai ta koma kan masu neman rajistar mallakar ƙirƙira, wato takardar da hukuma ke ba wanda ya ƙago magani ko na'ura, ta hana kowa yin irinsa na wasu shekaru sai da izininsa. Ita ba ta son dogon suna. Kwaɗo take ce wa takardar, kuma duk ofishin sun ɗauka daga bakinta.

Abin da ya sa ake ce mata Mai Zare yana jikin bangon ɗakin. Allo ne babba, ta raba shi gida uku da take kira unguwanni: unguwar gwaji, unguwar magani, unguwar rigakafi. Kowane bincike fil ɗaya ne da ta soka a jikin allon. In ya yi nasara ta ɗaura masa koren zare. In an sa wa abin kwaɗo ta ɗaura ja. In kuwa binciken ya faɗi, ko an ga wata illa a jikin waɗanda suka sha, sai baƙi. Duk abin da ke allon yana cikin kwamfutarta, har da ƙari, amma ta ce manyan da ke tsara manufofin lafiya ba sa karanta shafi ɗari. Sai dai su tsaya a gaban bango da kofin shayi a hannu, kuma kafin shayin ya huce dole su ga inda ake cunkoso da inda babu kowa. A ƙasan kowace unguwa akwai wani siririn wuri da take kira lungun yara. Lokacin da na fara ganinsa, fil-fil ɗin da ke ciki ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ba.

Ni ma'aikacin gidan rediyo ne, gyaran sauti ne sana'ata, rubutu kuwa ƙaiƙayi ne da ya ƙi barina. Zuwana na farko ɗakin nan, rakiya na yi wa mai shirin lafiya don in naɗi muryarta. Na fito ina dariya, na ce wa abokin aikina yau na ga matar da gwamnati ke biya don ta yi ɗinki a bango. A lokacin tarin fuka a wurina labarin wasu ne.

Sai Auta ta fara tari.

Ita ce ƙaramarmu, 'yar aji uku, mai surutu kamar an kunna rediyo an manta da shi. Tari ya ƙi tafiya, rigunanta suka fara yi mata yawa. Da aka yi gwaji, Likita ya rufe ƙofa kafin ya zauna. Ya ce tarin fuka ne, irin wanda ba ya jin maganin da aka saba bayarwa. Ya ce abin da ke hannunsu na yara ya haɗa da wata allura ta watanni, tana aiki, amma takan taɓa kunne, kuma jin da ta ɗauke ba ya dawowa. Maman Auta ta tambaye shi ko babu wani. Ya ce akwai sabuwar ƙwaya, manya suna sha, amma ba a saka yara a ƙa'idar jinya ba tukuna, kuma samfurin da ake narkar wa yaro a ruwa babu shi a ma'ajinsu. Kwamitin ma'aikatar lafiya ne zai yanke, kuma ana ta ɗage maganar. Ya ce huhun yarinyar ba zai jira su ba, dole a fara allurar.

Ban taɓa sanin tsoro ba sai a wannan lokacin. Ni da nake jin ƙarar da ba ta kai ta sauro ba a cikin faifai in cire ta, na koma ina laɓe a bayan 'yata. Kowace safiya, tana shan ruwan zafi, sai in lallaɓo in murza yatsuna biyu kusa da kunnenta. In ta waiwayo, na samu abin da zan rayu da shi har gobe. Ta ɗauka wasa ne, har tana cewa, "Baba, na kama ka!" Uwarta kuwa ba ta iya kallo, takan shige kicin ta buɗe famfo.

Sistar da ke kula da sashen masu tari ita ta tuna mini da Mai Zare. Ta ce, "Ba ka san Goggo ba? Ai duk mako tana nan da takunkuminta. Ba ta zuwa da komai, tambaya ɗaya ce a bakinta: me kuka rasa? In mun ce yara ba sa iya fitar da kaki a gwada, ta rubuta. In mun ce ƙwaya ta yi wa yaro girma sai mun farfasa, ta rubuta. Mu dai muna ganin wahala take sha a banza, sai wata rana ka ji an kawo abin." Wani malamin jami'a da na tarar a ofishin Mai Zare ya ba ni nasa labarin. Ya ƙera wani ɗan mazubi na ɗaukar kaki da ba ya zuba a hanya, yana shirin zuwa taro ya baje kolinsa. Ta tare shi a ƙofa ta ce ya fara yin rajista, in ba haka ba wani zai iya riga shi, ya sa wa abin kwaɗo, asibitocinmu su koma saye a hannun baƙo. Ya yi rajistar, sannan ta sa shi gaba har ya rubuta cewa duk masana'antar da za ta yi wa asibitin gwamnati ta yi kyauta. Ya ce da murmushi, "Kwaɗon nawa ne, amma mabuɗin tana rataye da shi a ƙofa."

Mun je wurinta ni da Maman Auta. Ta zaunar da mu inda haske ke faɗa wa fuskokinmu, domin rabin jinta a leɓen mutum yake. Ta saurare mu har ƙarshe, sannan ta kai mu lungun yara na unguwar magani. Ta ce abu biyu ke tsorata kwamitin, kuma ba ta ga laifinsu ba. Na farko, suna jin tsoron kamfanin da ya ƙago ƙwayar ya maka su a kotu in suka bar masana'antar gida ta yi samfurin yara. Na biyu, suna jin tsoron ba yara abin da ba a tabbatar ba.

"Na farkon na gama da shi," in ji ta. "Mutanenmu suna zaton in an kulle abu a wata ƙasa, to an kulle shi a duniya. Ba haka ba ne. Kwaɗo inda aka rataya shi kawai yake kamawa. Na je ofishin rajista da ƙafata, na zauna da su muka bi ɗaya bayan ɗaya. Babban kwaɗon ya riga ya cika wa'adinsa, na samfurin yara kuwa ba a taɓa rataya shi a nan ba."

Ta nuna mana korayen zare, waɗanda ta tattaro daga ƙananan bincike da aka yi a wurare daban-daban, wasu da harsunan da sai da ta nemi mai fassara. Ba wanda ya taɓa jera su wuri guda kafin ita. Zuciyata ta fara sanyi. Sai idon Maman Auta ya sauka a kan wani guda ɗaya a gefe.

"Goggo, wannan baƙin fa?"

Ta ce wani ƙaramin asibiti ne mai nisa. Ba su ma buga sakamakonsu ba, ita ce ta ga sun sanar da fara bincike sannan suka yi tsit, ta dinga rubuta musu har wani likita ya gaji ya amsa. A wurinsu, bugun zuciyar wasu yara ya rikice bayan sun fara ƙwayar, musamman masu yawan amai da waɗanda ake haɗa musu da wasu magunguna. Yaro ɗaya ya rasu.

Wannan ita ce al'adarta, kuma ita ce ta bambanta ta da sauran masu irin aikin. Kowa yana tara labarin nasara, domin shi ake bugawa. Ita takan bi sawun waɗanda suka yi shiru.

Ana saura 'yan kwanaki kwamitin ya zauna, Auta ta ajiye cokali ta ce, "Baba, akwai gyare a kunnena. Ya ƙi yin shiru." Na san abin da wannan ke nufi, Likita ya riga ya gaya mana. Na murza yatsuna a hagu. Ba ta waiwayo ba. Na sake. Ta ci gaba da kallon kofinta. Na zauna a ƙasa a bayan kujerarta don kada ta ga fuskata.

A ranar Maman Auta ta ja ni muka koma ofishin. Ba ta ko yi sallama da kyau ba, ta durƙusa a gaban matar nan ta riƙe gefen zanenta.

"Goggo, don girman Allah ki cire baƙin nan. Kwana ɗaya kawai. Su zo su gani su sa hannu, sai ki mayar. Wa ya san da shi in ba ke ba? Ba a buga shi ko'ina ba, da bakinki kika faɗa."

"Tashi, 'yata."

"Ba zan tashi ba. Ke fa kin san allurar nan. Ke ta yi wa. Ki dubi kunnenki, ki dubi 'yata!"

A nan na fahimci abin da kowa a ofishin ya daɗe da sani. Tana budurwa ta yi wannan ciwo, irin wannan allura ta ceci ranta ta tafi da kunnenta. Ta ce, da wata murya ƙasa-ƙasa irin ta wanda ba ya jin kansa sosai, "Na sani. Na san ranar da gyaren yake farawa, na san ranar da yake dainawa, kuma dainawar ta fi muni. Amma in na cire zaren nan, za su raba ƙwayar ba tare da kowa ya duba zuciyar yaro ko ɗaya ba. Ban san ɗan wa zai faɗi ba. Zai iya zama taki."

Na fusata, kuma ba zan ɓoye ba. Na ce mata zare ya fi mata ɗan mutum. Ta karanta maganar a leɓena tsaf. Muka fita, ban waiwaya ba.

Abin da ya faru a zaman, sakataren kwamitin ne ya ba ni labari daga baya. Ya ce an ciro allon daga bango an kai shi ɗakin taro. Ta fara da jan zare, ta nuna musu ƙofar a buɗe take, lauyan ma'aikata ya duba takardunta ya gyaɗa kai. Ta bi korayen ɗaya-ɗaya. Ɗakin ya saki jiki, shugaban har ya cire murfin alƙalaminsa. Ba wanda ya lura da baƙin, yana can gefe, ƙarami. Da ta yi shiru a nan, da an sa hannu. Sai ta ɗora yatsa a kansa ta ce, "Ranka ya daɗe, saura wannan." Sakataren ya ce shugaban ya mayar da murfin. Wata likitar yara a cikinsu ta ce ita ba za ta iya kwana da wannan a wuyanta ba. Aka yi ta ja har aka tsaya a kan cewa za a saka yara, za a ba masana'anta izini, amma ba za a ba yaro ko ɗaya ba sai asibitinsa yana da na'urar duba bugun zuciya da wanda ya iya karanta ta. Asibitinmu ba shi da ita a sashen masu tari.

Makonnin da suka biyo baya ba na son tuna su. Likita ya rage allurar iyakar yadda zai iya, amma bai isa ya tsayar ba. Kunnen hagu ya tafi gaba ɗaya. Na daina murza yatsa a can, na koma dama, kuma kowace safiya hannuna sai ya yi nauyi kafin in ɗaga shi. Auta ta daina cewa ta kama ni. Ta gane ba wasa ba ne, takan waiwayo ta dube ni kawai. A makaranta aka mayar da ita layin gaba kafin ma a dakatar da ita daga zuwa. A gida muka rage yin magana da ƙarfi, kamar shirunmu zai adana mata abin da ya saura.

Abin da ban sani ba a lokacin shi ne inda Mai Zare take yini. Direban ofishinsu ya ce ta hana shi sakat. Daga ma'ajin ma'aikata zuwa sashen haihuwa na wani asibiti da ke da na'ura biyu, daga nan zuwa gidan wani tsohon ma'aikacin zuciya da ya yi ritaya, ta lallashe shi ya zo ya koya wa su Sista. Ba aikinta ba ne ko kaɗan. Ya ce wata rana a mota ya ga ta cire na'urar kunnenta ta riƙe a tafin hannu tana kallo, hawaye na zuba, sai ya ƙara wa motar wuta.

Na'urar ta iso, ƙwayar ta iso, aka tsayar da allurar. Kunnen dama yana nan. Na yi zaton tsoro ya ƙare.

Ba a daɗe da farawa ba, a gwajin zuciya na mako, Sista ta dubi takardar da ke fitowa daga na'urar ta daina murmushi. Ta fita da sauri ta dawo da Likita. Ya duba, ya sake dubawa, ya tambaye mu me kuma yarinyar ke sha. Muka ce babu. Sai Maman Auta ta tuna da ruwan maganin amai da ta sayo a kemis, don yarinyar na yawan mayar da abinci, kuma wa zai ga laifin uwa a kan wannan? Likita ya ce a daina shi yanzu-yanzu. Ya ce haɗuwarsu ce ke jan bugun zuciyar, ga aman ya rage mata gishirin jiki, irin abin da ya faru a wancan asibitin mai nisa. Aka kwantar da ita, aka gyara, bugun ya dawo daidai. Yarinyar ba ta ji komai a jikinta ba, tana ta neman a ba ta takardar ta yi zane a baya. Likita ya ce irin wannan ba ya sallama. Yaro yana wasa ne kawai sai ya faɗi.

Maman Auta ta jingina da bango ta sulale ƙasa. Ni kuwa ba abin da nake gani sai hannunta riƙe da gefen zanen matar nan, da bakina yana faɗin abin da na faɗa.

Goggo, ke ce kika tsaya a ɗakin da kowa ya shirya sa hannu, kika ɗora yatsa a kan abin da ba wanda ya gani. Ke ce kika san ɗacin allurar nan fiye da duk wanda ke wurin, kika san yarinyar da ke jira da sunanta da labarinta, kuma duk da haka ba ki rage ko zare ɗaya ba. Mai bin sawun masu shiru, ban sani ba ko da ni ne zan iya. Na san dai kunne ɗaya muka biya, kuma ba zan ce bai yi mana ciwo ba. Amma yarinyar tana ɗakinta yanzu tana rera waƙa da ƙarfi fiye da kima, kuma ba mai ce mata ta rage.

A ƙarshen watan nan Mai Zare za ta ajiye aiki, kuma wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami, domin tsorona bai ƙare ba, ya sauya wuri ne. An ce za a yi wa ofishin fenti, ba a faɗi inda allon zai koma ba. Kwamfutar za ta rage, amma kwamfuta ba ta rubuta wa likitan da ya yi shiru wasiƙa har ya gaji ya amsa. Lungun yara ya ɗan cika, na masu juna biyu har yanzu fayau yake, unguwar rigakafi kuwa ja ya fara yawa a cikinta. Ku matasan da kuka karanta kimiyya da shari'a da aikin laburare, akwai kujera a ɗakin nan da ba ta da suna a jarida. Wani ya je ya zauna kusa da ita kafin ta tafi, ya koyi yadda ake ɗaura baƙin zare. Ku kuma masu sa hannu, in irinta ta ce muku saura wannan, ku mayar da murfin alƙalami ku saurara.

Makon jiya muka kai mata Auta, wadda ba ta taɓa gani ba sai a bakinmu. Na fara haɗa kalmomin ban haƙuri, ta ɗaga hannu ta ce, "Baban Auta, bar shi. Uban da bai zage ni a ranar ba, shi zan ji tsoro." Ta sa yarinyar ta zauna ta ba ta baya. Ashe Maman Auta ta taɓa gaya mata abin da nake yi da safe. Goggo ta lallaɓa ta dama, ta kai yatsunta biyu kusa da kunnen, ta murza. Sannan ta dube ni, domin ita ba ta jin irin wannan ƙarar ko da na'urarta.

"Ya yi ƙara kuwa?" ta tambaye ni.

Kafin in buɗe baki Auta ta waiwayo, ta kama yatsun nan biyu ta riƙe gam.

"Goggo, na kama ki."

Mun gode, Mai Zare. Allah Ya ba ki hutu mai daɗi, Ya kawo wanda zai buɗe tagogin nan bayanki.